Laifina Da Na Goge Masa Riga

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ce Hajara daga Argungu, matar wani tsohon soja.

Maigidana ya dawo daga fagen daga da hannuwansa da ƙafafunsa, amma tsoro ya biyo shi gida. Ko injin ban ruwa aka tayar a fadama, sai ya faɗa cikin laka ya rufe kai yana karkarwa. Dole ya bar noman shinkafa.

Ranar da likitoci za su duba shi a Birnin Kebbi don a yanke masa haƙƙinsa na diyya, na goge masa rigar sallarsa, domin ba a zuwa gaban manya da datti. Suka ce, "Yaya jiki?" Ya ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." To me Musulmi zai ce? Kawai suka rubuta wai ciwon kaɗan ne, zai iya aiki.

Da muka koma ɗaukaka ƙara, wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, ke kika ɓata lamarin. In an sake kiran ku, kada ya yi aski, ki sa masa tsumma."

Tir! Mutumin da ya sayar da ransa domin ƙasar nan, sai na mai da shi mahaukacin kasuwa za su yarda?

Jama'a, ku ba ni shawara. Amma ku sani, na sake goge rigar nan, kuma da ita zai koma.