Bututun da Aka Bari a Baranda

Bronwyn: Halo? Baba? Kai ne?

Des: Halo! Bronwyn? Yauwa, wannan karon ke ce.

Bronwyn: Ni ce mana. Ina wuni, Baba?

Des: Lafiya lau, 'yar nan. Ya Toowoomba? Ya makarantar taku?

Bronwyn: Lafiya ƙalau, yanzu muka tashi. Ya gona? Ya zafi?

Des: Zafi kam sai haƙuri. Ya mijin naki, har yanzu yana fama da bayan?

Bronwyn: Da sauƙi. Ya tumaki? An samu ruwa?

Des: An samu wa?

Bronwyn: Ruwa! Ruwan sama!

Des: Ina fa! Ko ɗigo. Tsaya in matsa gindin tanki, nan ne kawai wayar nan take kamawa. Kina ji na?

Bronwyn: Yanzu ina ji. Baba, me kake nufi da wannan karon ni ce?

Des: Wata mata na yi ta kira kafin in same ki. Har ta ce in na sake za ta haɗa ni da 'yan sanda.

Bronwyn: Lambar tawa ka manta? Kuma yau ba Lahadi ba, kai da ba ka kira sai dai a kira ka. Lafiya dai?

Des: Shike nan mutum ba zai gaida 'yarsa ba sai da dalili? Labarin husufin jiya zan ba ki. Kun gani?

Bronwyn: Hadari ya rufe mu, ko ƙyallin watan ba mu gani ba.

Des: Kun yi asara! Bututun kallon taurarin nan da kika saya mini, na janye duk abin da na faɗa a kansa. Da farkon dare na ga tauraron Mushtari da 'yan watanninsa a jere kamar 'yan agwagi. Can gab da asuba inuwa ta fara cin watan, ya koma ja kamar tsohuwar tukunyar tagulla. Har ramukan jikinsa na gani! Karyata Tuppence ta yi ta haushi, ita ma ta san ba lafiya ba.

Bronwyn: Kai, na ji daɗi! Ba na ce maka ba? Sai ka kai ƙarshe?

Des: Ina! Barci ya ɗauke ni a kujera. Na lallaɓa ciki na bar shi a baranda, yana kallon yamma, daidai inda na bar watan.

Bronwyn: Ka dai rufe bakinsa?

Des: Halo? Layin nan fa...

Bronwyn: Ka ji ni sarai. Ka mayar da murfin?

Des: Murfin yana aljihun rigata. Bron, in tambaye ki mana. In mutum ya kalli abu mai haske, tabon nan da ke bin ido, yakan daɗe?

Bronwyn: Wane abu mai haske?

Des: Tambaya ce kawai.

Bronwyn: Baba, me ka kalla?

Des: Ɗazu da la'asar na je in shigo da shi saboda iska ta taso. Kin san yadda hannu ke sabawa, in na zo kusa da shi sai na ɗan leƙa. Na leƙa, na ga fari fat. Na ce ko madubin ne ya lalace, na ɗan tura shi kaɗan. Sai ta faɗo ciki.

Bronwyn: Me ta faɗo?

Des: Ranar.

Bronwyn: Wayyo Allah! Baba! Rana ka kalla ta cikin madubi?

Des: Ba ni na je nemanta ba, ita ta zo. Wa ya san za ta bi ta daidai inda watan ya tsaya? Ko ƙiftawa ban gama ba na janye kai.

Bronwyn: Sau nawa na faɗa maka? Ga gargaɗi ja a manne a jikinsa!

Des: Na ɓare shi tun ranar farko, yana ɓata masa kyau.

Bronwyn: Da wane idon? Baba, da wane idon ka leƙa?

Des: To, da wanne zan leƙa? Na hagun tun da wayar shinge ta tsone shi ai ado ne.

Bronwyn: Na shiga uku. Ido ɗaya ke gare ka, ɗaya tak! Yana ciwo?

Des: Ko kaɗan. Shi ya sa na ce ba komai. Ɗan tabo ne, gobe zai washe.

Bronwyn: Irin wannan ƙunar ba ta ciwo, matsalar ke nan. Zan kira likitocin nan masu zuwa da jirgin sama yanzu.

Des: Kul! Kar ki soma!

Bronwyn: Me ya sa?

Des: Ke ma kin sani. Da ƙyar suka sabunta mini lasin tuƙi bara, likitan yana ta jujjuya kai. In suka duba idon nan suka ga tabo, sun ƙwace. Mutumin da ba ya tuƙi zai zauna a nan? Burodi ma sai ka yi tafiyar rabin yini. Sai ku kwashe ni ku kai ni gidan tsofaffi, a riƙa sa ni waƙa da tafi bayan shayi.

Bronwyn: Ba wanda ya ce gidan tsofaffi.

Des: Yayanki ya ce. A Kirsimeti, ina ji, ya ɗauka barci nake.

Bronwyn: Rabu da Gavin. Ni ido nake magana. To bari in kira maƙwabciyarka Noelene ta zo ta duba ka.

Des: Noelene? Kafin ta rufe ƙofar motarta duk garin Quilpie sun ji.

Bronwyn: Su ji mana! Baba, wannan ƙarar fa? Makullai ne?

Des: Famfon rijiyar yamma zan je in kunna. Tumaki ba su sha ba tun safe.

Bronwyn: Da mota? Ka fuskanci faɗuwar rana, ga kangaru na tsallake hanya, da idon da ba ya ganin lambar waya?

Des: Hanyar nan ko ido rufe na san ta.

Bronwyn: Ajiye makullan nan! Don Allah, Baba. Ni na sayo maka abin nan, ni na ce zai ɗebe maka kewa. In wani abu ya same ka a hanya, ina zan sa kaina?

Des: Haba, 'yar nan, kuka kuma? Ba laifinki ba ne. Tun rasuwar mamarki ban yi dare mai daɗin na jiya ba.

Bronwyn: To in gaskiya ɗan tabo ne, gwada mini. Tuppence tana kusa?

Des: Ga ta zaune a gabana.

Bronwyn: Kalle ta sosai. Faɗa mini abin da kake gani. Baba? Halo? Baba!

Des: Ina nan.

Bronwyn: Me kake gani?

Des: Ina ganin jela tana share ƙasa. Ga ƙafafun gaba.

Bronwyn: Sai me?

Des: Babu kan. Duk inda na juya ido, baƙin yana riga ni zuwa. Ɗazu bai kai haka girma ba.

Bronwyn: Baba...

Des: Tsoro nake ji, Bron. Ga makullan, na ɗora a kan tanki. Kira Noelene, ki ce ta fara biyawa ta famfon. Kira na jirgin ma.

Bronwyn: Yanzu-yanzu. Shiga ciki ka zauna, kar ka murza idon. Ni ma zan kamo hanya, gobe da safe ina wurinka.

Des: Wayar tana ƙara, caji ya ƙare. Saurara, in kin iso...

Bronwyn: Ina ji, yi sauri!

Des: Kar ki tsaya a gabana. Ki tsaya ta gefe, ta hannun dama, don in ga fuskarki. Kin ji? Ta gef...

Bronwyn: Na ji, Baba. Baba? Halo? Halo!