Motar da Ke Kukan Mutuwa

Shekara guda bayan yaƙin Hitila, Gumsu mai sayar da kifi tana jiran jirgin fito a bakin kogin Haɗeja, sai ta ga wani baƙo mai tsohuwar rigar soja ya toshe kunnuwa don motar gyaɗa ta wuce.

"Ɗan nan, mota ce fa kawai."

"Iya, na ga wata iri a wajen yaƙi. Bututun ƙarfe ne jere a bayanta. Kafin wutarta ta sauko sai ka ji kuka kamar na mata a gidan rasuwa. Mu tara ne a rami, ni kaɗai na fito."

"Akwai ɗana Bunu a cikinku? Dogo, mai tsagar Barebari."

Baƙon ya kawar da kai. "Sojoji ai da yawa, Iya."

"Ranar Laraba ce, da la'asar."

"Wa ya gaya miki?"

"Ina wankin kifi a nan na ji kukan ya taso daga cikin ruwa. Ba wanda ya ji sai ni. Tun ranar ban ƙara ajiye masa tuwo ba."

Jirgi ya iso. Baƙon ya ɗaukar mata kwando.

"Bai sha wahala ba, Iya."