Kofi Biyu Na Koko

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sabi'u, tela ne ni a Gwammaja.

Mahaifina yana Jakara. Ciwon suga ya kama shi da girma, idonsa kuma ya yi rauni. Kullum da safe ni nake zuwa in yi masa allurar insulin, mu sha koko marar suga tare, sannan in wuce shago.

Da likita ya ce akwai wadda ake yi sau ɗaya a mako, na fi kowa matsawa a koma mata. Na ce don Baba ya huta da sukar allura, amma Allah ya sani, kaina na yi wa. Yanzu sai Juma'a nake leƙa shi.

Jiya ƙanwata Hadiza ta ce min, "Yaya, har yau kofi biyu Baba yake sa a zuba. Naka sai ya huce ake ɗaukewa."

Malama, sugansa ya daidaita, alhamdulillahi, ni ne hankalina ya ƙi kwanciya. Masu sauraro, ku ba ni shawara: da wane ido zan kalle shi gobe da safe, ba allura a hannuna?