Oba-oba Ɗaya Ta Rage

Mai girma shugaban wannan taro. Shugaban ƙungiyar masu jiragen fito da 'yan kwamitinsa. Injiniya, wakiliyar hukumar sadarwa, wadda ta baro ofis mai sanyi ta zo ta zauna da mu cikin ƙarnin kifi. Shugaban ma'aikatan ceto da mutanensa. Iyayenmu mata masu sayar da kifi. Makanikai, 'yan dako, da ku da kuka tsaya can baya don ku ga ko za a raba wani abu: assalamu alaikum.

Ina gode wa kwamiti da ya ba ni abin magana. Ban saba ba. Rabona da tsayuwa gaban jama'a tun ranar da aka rushe sashenmu na sadarwa, aka sallame mu, aka ba kowa agogon bango da takardar yabo. Agogon bai kai shekara ba ya tsaya, takardar kuwa gara ta ji daɗinta. Na yi karatun injiniyan rediyo a lokacin da karatu yake karatu, yau ga ni a shago mai faɗin tabarma ina gyaran tocila da cajar waya. Kun san ni, kun kuma san sunan da kuka sa mini: Malam Doka. Ban taɓa son sunan nan ba. Amma yau ba ƙorafi ya kawo ni ba, ko da yake idan ya kufce mini ku yi haƙuri, tsufa ne. Godiya ta kawo ni, da roƙo guda ɗaya.

Ku dubi teburin nan. Waɗannan oba-oba ne na 'yan ƙungiya, kowace da sunan mai ita. Injiniya ta ce idan aka kawo su duka yau, aka gwada su, aka kulle su a kan layin da doka ta yarda, hukuma za ta ba ƙungiya lasisi da layinta na kanta. Idan ɗaya ta rage a waje, babu lasisi, kuma waɗannan ma ba za su koma hannunku ba. To, ɗaya ta rage. Zan zo kanta.

Abu na farko, bari in faɗi abin da na yi ta faɗa a ƙofar shagona ana dariya, tunda yau an tara mini ku kuma ba hanyar gudu. Iskar da muryarku take bi ba daji ba ce. An raba ta zango-zango kamar yadda aka raba gari unguwa-unguwa, kowane zango da layukansa. Akwai na jiragen sama, akwai na jami'an tsaro, akwai na motocin asibiti da 'yan kwana-kwana. Akwai na masu sha'awar rediyo, waɗanda sai sun ci jarrabawa ake barinsu su buɗe baki. Akwai na kamfanoni da ƙungiyoyi irin taku, wanda ake shiga da lasisi. Akwai kuma ɗan ƙarami da aka bar wa kowa da kowa, shi ma da sharaɗinsa: ƙarfi kaɗan, gajeriyar eriya, da na'urar da hukuma ta amince da ita. Kowace ƙasa da yadda ta yi nata rabon, amma babu ƙasar da ba ta raba ba.

Oba-obar nan mai araha da ta cika kasuwa ba ta san wannan rabo ba. Ba na zaginta. Ta yi muku amfani, domin a tsakiyar kogi waya ba ta kama komai, kuma kafin zuwanta da ihu da ɗaga hula kuke kiran juna. Amma mabuɗi ce mai buɗe kusan kowace ƙofa a gari. Mai sayarwa ya nuna muku inda ake kunnawa da inda ake dannawa, bai gaya muku cewa buɗewar ƙofa ba ta mai da gida naku ba.

Ku kuma kuka zaɓi layi yadda mai fito yake zaɓen wurin ɗaure jirgi: inda ba kowa. Aka yi ta murɗawa. Nan ana hayaniya, a wuce. Nan ana wani yare, a wuce. Har aka iso wani layi tsit, tas, ba ko tari. Kowa ya ce madalla, mun samu fili. Layin neman agaji ne na kogin nan. An bar shi shiru ne da gangan, ma'aikatan ceto suna zaune sun kasa kunne, domin ranar da murya ɗaya mai rauni za ta shigo, a ji ta.

Na je na samu Kyaftin, ƙanin matata, wanda ya fi kowa daɗewa a kan ruwan nan, ya kuma fi kowa baki. Na ce, "Kyaftin, layin nan da mai shi."

Ya ce, "To ina mai shi? Ya yi magana mana mu ji."

Na ce, "Shirun nan shi ne aikinsa."

Ya ce, "Malam Doka, gyara mini tocilata ka bar zancen iska. Iska ta Allah ce. Ko ita ma a makarantarku aka ƙera ta?"

Aka fashe da dariya, har da wasu da nake gani yanzu a sahun gaba sun sunkuyar da kai. Daga nan layin agaji ya zama dandali. A nan ake tambayar ko kifi ya iso, a nan ake gardamar ƙwallo, a nan wani ya taɓa rera wa budurwarsa waƙa, kogi duka yana ji, ita kaɗai ce ba ta da oba-oba. Ma'aikatan ceto su shigo su ce, "Don Allah ku sauka daga layin nan." A ce musu, "Kai wane ne? Kai ka saya mana?" Shi kuwa Kyaftin bai tsaya nan ba. Ya sa doguwar eriya, ya ƙure ƙarfi, sannan ya koma wurin mai sayarwa aka kashe masa abin da ke katse magana idan ta yi tsawo, wai yana yanke masa hira.

Abu na biyu shi ne ranar da duk kun sani, amma baƙinmu ba su ji ta daga bakina ba. Ruwa ya cika, kogi ya yi ja, yana gudu. Da rana tsaka jirgin Gajere ya taso daga wancan ƙetare cike da mutane, har da mai ɗakina, ta je dubo 'yar'uwarta. A tsakiyar ruwa inji ya mutu. Ruwa ya ɗauki jirgi ya nufi ƙafafun gada da shi, kuma babu mai fito a nan da bai san abin da ƙafafun gada suke yi wa jirgi ba. Masu ceto suna bayan kwanar kogi, ba sa ganinsu. Gajere ya danna, ya yi kira.

Ina shago a lokacin, tsohuwar rediyona a kunne. Saurare kawai nake yi, ban taɓa magana a layin nan ba. Me nake ji? Minshari. Minshari mai ƙarfi, mai natsuwa, irin na mutumin da ba a binsa komai a duniya. Wani ya kwanta a kan oba-obarsa, ya danne maɓallin magana. Na'urar nan kuwa ba waya ba ce: idan mai ƙarfi ya riƙe layi, mai rauni ya nutse. A can ƙarƙashin minsharin, kamar daga cikin rijiya, na tsinci muryar Gajere tana yankewa: "inji... gada..."

Jama'a, na san dalilin abin tun daga tushe, zan iya zana muku shi a allo. Amma ban san wane ne ba, ban san inda yake ba, kuma gwiwoyin nan ba sa gudu. Na fito bakin shago ina ihu kamar mahaukaci, ina cewa a duba wanda ya danne. Sai ga ƙanwata Mai Kifi, matar Kyaftin, ta wuce ni a guje, wuƙar gyaran kifi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Ita ma tana da oba-oba a rumfarta. Ta ce, "Yaya, kauce! Wannan minsharin tun ina amarya nake jin sa!" Ta miƙe sai ƙarƙashin tsohon jirgin nan da aka kife a gindin bishiya, ta kama ƙafar mijinta ta ja. Layi ya buɗe. Muryar Gajere ta fito tar, masu ceto suka amsa, suka tashi. Sun jefa igiya jirgin yana gab da inuwar gada.

Ƙanwata, na gode. Na gode da gudun da kika yi, na gode da kunnen da kika yi shekaru kina horarwa ba da son ranki ba. Gajere, na gode da ba ka saki maɓalli ka yi tsalle cikin ruwa ba, alhali ka iya iyo, fasinjojinka ne ba su iya ba. Ma'aikatan ceto, an zage ku a kan layinku, an yi muku waƙa, an tambaye ku farashin kifi, amma ba ku rage murya ba, ba ku kashe na'ura ba. Da ni ne, wallahi da na kashe tuni. Ku ne kuka dawo mini da matar da ta jure ɗacin bakina tun gashina yana baƙi. Ba ni da abin ba ku sai wannan tsayuwa da na yi.

Abu na uku, Injiniya. Da labari ya kai hukuma, na san abin da zai biyo baya, domin na yi aikin ofis: mota, buhu, a kwashe, a kai wasu kotu, a koma a rubuta rahoto. Doka ta ba ta wannan ikon. Sai ga ta ita kaɗai a ƙofar shagona. Ta share kujerar da nake ɗora matattun rediyoyi ta zauna. Ta ce, "Baba, an ce kai injiniya ne. Idan na kwashe, me zai faru?"

Na ce, "'Yata, kafin sati sun sayo wasu, kuma wannan karon a ɓoye."

Ta ce, "To me kake gani?"

Jama'a, na manta rabon da wani daga ofis ya tambaye ni abin da nake gani. Sai da na juya na yi kamar ina neman sukudireba. Na gaya mata a ba ƙungiya layinta, a kulle kowace na'ura a kansa, a bar layin agaji don agaji kawai, wadda kuma muryarta take fantsama cikin zangon maƙwabta a cire ta. Ta tafi ta yi ta fama da manyanta, na kuwa san irin manyan, wasu da su muka zauna aji ɗaya, ni nake yi musu lissafi. Ta dawo da amincewa, da sharaɗin nan ɗaya: duka, ko babu. Kada ku ga tsananinta. Oba-oba ɗaya ce ta toshe kogi ranar nan, ba goma ba. 'Yata, na daɗe da yanke ƙauna daga ofisoshi, kin ɓata mini wannan ra'ayi, kuma na gode.

Yanzu roƙona. Kyaftin, ina ganinka. Kana bayan rumfar mai shayi, eriyar ta leƙo daga aljihunka, ai doguwa ce, ba ta ɓoyuwa. Ka ce da guminka ka saya, gaskiya ne. Ka ce ba za ka miƙa wa gwamnati kayanka ba. Amma ni da kai mun san ba wannan ba ne. Tun ranar nan, duk inda ka wuce sai wani ya ja minshari, kai kuma kana ganin idan ka tako gaban mutane ka ajiye ta, ka amsa cewa kai ne ka kusa kashe yayarka.

To ji abin da yayar taka ta ce, ga ta nan zaune, ta ƙaryata ni idan na ƙara. Da aka fito da ita daga jirgin, na fara faɗa, na ce sai na ga bayanka. Ta ce, "Malam, rufa mini baki. Barci ya yi, kamar yadda kowa yake yi. Layin nan su duka suka hau shi. Kuma wa ya goya ni ya haye da ni lokacin da ruwa ya ci gidanmu, kai kana can kana karatu?"

Gaskiya ta faɗa. Ba kai kaɗai ka ɗaure jirgi a wurin ba, Kyaftin, ƙungiya ce gaba ɗaya. Barcinka ne kawai aka ji. Mutanen da ka fitar daga kogin nan da hannunka, wasu suna nan da jikokinsu. Idan ka riƙe ta, gobe Gajere zai shiga ruwa ba abin kira, kuma yayarka ba za ta daina zuwa ƙetare ba, ka san taurin kanta, gidanku ɗaya. Ba na cewa ka ce Malam Doka ya yi gaskiya. Na haƙura da jin wannan daga bakin kowa, balle naka. Kawo ta kawai.

To. Ku ba shi hanya.

Kada wanda ya ja minshari. Kai mai jar hula, ina kallonka.

Ajiye nan, kusa da ta matarka. Eriyar ma, cire ta. A'a, ba za a mayar maka da ita ba. Me ka ce? Jama'a, wai tocilarsa har yanzu ba ta ci. Kawo ta gobe, na gyara maka kyauta.

Injiniya, ga su nan sun cika.

Allah ya saka wa duk wanda ya yi gudu, da wanda ya yi kira, da wanda ya amsa. Allah ya tsare masu fito da fasinjojinsu, ya sa kowane jirgi ya isa gaɓa. Allah ya ƙara mana ma'aikata masu tambaya kafin su kwashe. Allah ya ba ƙanina barci mai daɗi, nesa da maɓalli. Layin nan da muka mayar wa masu shi, Allah ya sa ya daɗe shiru, ranar da kuwa wani ya yi kira a kansa, Allah ya sa a ji shi. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.