Ran da Baba Yaz Zamna Kujerar Annasara

Kuɗin motar da tak kai ni Yamai na akuyar Inna ne. Da kanta taj ja ta zuwa kasuwar Filinge, don tac ce in Baba ya kai ta, hira za shi tsayawa yi har kasuwa ta watse. Taɗ ɗaure mini kuɗin cikin tsumma, tac ce, "Namata, in garin bai karɓe ka ba, ka komo. Ba kunya ba ce." Kai Idi, da kake shirin Kwatanu, aje wayar nan ka ji, kakanka ma ya taɓa zama ɗan birni.

Bisa kamyon fatu nit tafi. Tafiyar da kuke yi yanzu tsakanin hantsi da azahar, mu kwana munka yi hanya, mu tura mota cikin rairayi, mu hau, mu sake sauka. Ko da munka isa, ni da fatun warinmu ɗaya.

Ɗaki nis samu gidan wata Bazabarma, Haisa. Mun yi rigima tun ran farko, kan wani ƙahon tsari da Baba yab ba ni, nir rataye bakin ƙofa.

"Cire abin nan," tac ce, da ƴar Hausarta.

"Na ubana ne."

"To ubanka ya ba ka ɗaki."

Nim maida shi ƙarƙashin tabarma. Daga baya, da nif fara kawo mata guntayen burodi, ko ƙahon sa nir rataye ba ta kulawa.

Ruwa nif fara ɗauka daga gulbi zuwa wani otal na Annasara, mai dogon baranda yana kallon ruwa. Kukun gidan, Baba Kojo, mutumin Dahomai ne, gajere, mai furfura. Wata rana yat tsai da ni yac ce, "Kai, kana taɓa naman alade?" Yaran da ke wurin duk masu salla ne, ba su yarda. Mu ko lokacin gidanmu Arna ne, sai daga baya nish shiga Musulunci. Nic ce ina taɓawa. Ran nan anka ba ni farar taguwa, niz zama boyi.

Otal ɗin nan wata duniya ce. Gadajen ƙarfe, kowace ƙafa cikin gwangwanin kananzir saboda tururuwa, da gidan sauro fari fat. Wanka ba a duƙawa, bokiti ne mai huji bisa kai, ka ja igiya ruwa ya zubo. Akwai firjida, ita ma da kananzir take aiki, wuta ƙasa, ƙanƙara sama, har yau ban gane wannan ba. Baƙi kuma iri-iri: direbobin da sunka ratso hamada, fatarsu ta sale, masu sayen gyaɗa da fatu, da mutanen jirgin sama da ke kwana guda su wuce. Baƙin mutum, ko akawu ne mai karabat ga wuya, ta ƙofar baya yake shiga.

Cin abincinsu shi ne aiki. Mutum guda, asiti, faranti ke nan, kamar na gidan biki. A kawo sufa, wani ruwan nama, a ɗauke, a kawo giwan ruwa, a ɗauke, a kawo nama, sa'an nan ɗanyen ganye awa na akuya, sa'an nan wani cuku mai warin takalmi. Cokali mai yatsu, furshet, hagu, wuƙa dama. In ka juya su, Madam matar mai otal ta taso. Kullum tana ce mini "ambesil", ni ko ina cewa "marsi, Madam", na ɗauka yabo ne. Sai da Baba Kojo yay yi dariya har da hawaye yac ce, "Wawa take ce maka." Amma kada ku ɗauka muguwa ce sosai. Ran da zazzaɓi yak kada ni, ita tak kawo mini maganin kini da hannunta.

Baba Kojo shi yak koya mini tukunya. In aiki ya yi sauƙi mu zamna bayan kicin, ƙarƙashin iccen bedi, shi yana ba ni labarin teku, ni ina ba shi na dutsin Kurfai na ƙasarmu da wasan bori. Bai yarda da nawa ba, ban yarda da nashi ba. Ban sake yin aboki irinshi ba.

Rani na uku, wata rana gab da abincin rana, muna jiran mutanen jirgi, niz zo baranda da tire, sai nig ga mutum zamne bisa kujerar baƙi. Walki gare shi, gatari bisa kafaɗa, ƙafafu fari da ƙura, yana kallon gulbi. Baba ne, ubana. Tare da masu koro shanu yaz zo, da ƙafa. Ya tambayi inda ɗanshi ke aiki, an nuna mishi gida, ya ga kujera cikin inuwa, ya zamna.

Kafin in buɗe baki Madam ta fito. Tac ce mini da Faransanci, "Kori wannan."

Nic ce, "Madam, ubana ne."

"Ko ubanka ne. Kore shi, ko ku tafi tare."

Yara, na tsaya riƙe da tire. Aikin nan shi ke sai mana hatsi lokacin da rumbu ya ƙare. Amma mutumin nan, a garinmu, ko mai gari ba ya yanke mishi magana. Baba yad dube ni yac ce, "Namata, mi matar ga ke cewa?" Nic ce, "Gaishe ka take, Baba." Na aje tire, nif fara kwance maɓallin taguwa.

Sai ga Baba Kojo bakin ƙofa, da ludayi ga hannu. Bai ɗaga murya ba. Yac ce, "Madam, in yaro ya tafi, ni ma kaina na ciwo yau. Jirgi kuwa ya sauka, na ji ƙararshi." Madam tad dube shi, tad dubi teburan da anka shirya, taj juya tash shige. Shi ko yaz zo gaban Baba, yad durƙusa awa ɗan gida, yac ce da Hausarshi ta ƴan kudu, "Baba, nan wurin ƙananan baƙi ne. Manya can ciki muke sauke su."

Ƙarƙashin bedi yas sa anka kai tebur, da farin ƙyalle. Duk abin da mutanen jirgi sunka ci, Baba ya ci, bi da bi, ni ke kawowa ni ke ɗaukewa. Ya kurɓi sufa yac ce, "Wanga ruwan nama ya yi daɗi. Ina tuwon?" Furshet kuwa, ya juya ta, ya aje gefe, ya sa hannu. Da ganye yaz zo, yac ce a kai ma dabbobi. Cuku ne kaɗai yas sa shi tashi tsaye.

Sai da yaw wanke hannu yaf faɗi abin da yak kawo shi. "Uwarka ta kwanta tun kaka. Ba ta iya haɗiyar tuwo, ko fura sai da ƙyar. Ba ta ce in kira ka ba. Ni nig ga ya kamata."

Washegari munka kama hanya. Madam ta biya ni. Baba Kojo yab ba ni ƙaramar tukunyar ƙarfe da rariya, yar raka mu har tasha. Ban sake ganinshi ba. Da nik koma Yamai bayan an samu mulkin kai, an ce ya tafi ƙasarsu, otal ɗin ma ya zama bariki na gwamnati.

Abin da niz zo da shi gida bai taka kara ya karya ba: bargo, sabulu, da tukunyar nan. Inna ta rame har sai da niy yi shakkar ita ce. Nis sa anka yanka zabo, nid dafa shi yadda anka koya mini, da albasa da ɗan kabewa, wuta kaɗan kaɗan, nit tace da rariya. Ta sha cokali guda, tad dakata, tac ce in ƙara.

Kun san garinmu. Namiji gaban murhu, abin magana ne. Samari sunka fara leƙowa ta darni suna kirana "kukun Annasara", mata na dariya bakin rijiya. Baba ko, ga abin da yay yi. Kullum in na hura wuta, sai shi ɗauko kujerarshi ta icce shi zamna kusa da ni, yana tura mini kara cikin murhu. Wa za shi yi ma Baba dariya? Leƙe yaƙ ƙare.

Da ruwan naman nan Inna tak kai damina, tag ga gero ya fid da kai, tag ga an yi girbi. Ta rasu bayan an cika rumbu. Kwanaki kaɗan kafin nan, ina ba ta tana sha, tak kama hannuna tac ce, "Akuyata ba ta tafi banza ba."

To Idi, motarka da asuba ce ko? Je ka gaida uwarka tukuna, ka zamna ka ci abin da tad dafa maka. Kayan tafiyarka za su jira.