Gidan Kallona Ya Koma Wurin Cajin Waya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan an wuni lafiya. Ni ne Lawal mai gidan kallon ƙwallo, daga Faskari.

Malam, na gaji. Shekara da shekaru ina rubuta wasannin Asabar da alli a allon ƙofa. Kafin La'asar benci ya cika, har 'yan garin Ruwan Godiya kan zo a kan babura. In an tafi hutun rabin lokaci mu yi sahu a waje mu yi salla, mu dawo mu ɗora gardama. Yanzu kowa ya koma kallo a waya.

Asabar da ta wuce na tada janareta, na kunna talabijin, sai ga mutane suna shigowa. Har na fara murna, ashe wurin soket suka nufa. Cikinsu har da Alhaji Sule, wanda bencin gaba nashi ne tun ranar da na buɗe. Na ce, "Alhaji, ga wurinka." Ya ce, "A'a Lawal, caji kawai zan sa, a gida zan kalla ina kwance." Aka ci wata ƙwallo mai kyau, na yi ihu na waiga, ba wanda ya ɗago kai.

Maiɗakina ta ce in kwance dish ɗin talabijin in zuba masara a ɗakin, tunda kaka ta zo. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Allin yana aljihuna, amma tun ranar na kasa rubuta komai a allon.

Ina gaida Alhaji Sule, in cajin nawa bai ƙare mashi ba.