Begilar Wahabu

Assalamu alaikum. Shugaban taro Sarkin Zongo, Malam Liman, Sarkin Fawa da jama'arsa, Mushe Direkta shugaban lakwal, wato makarantar boko, da malamansa, iyayena da 'yan'uwana na Sokode, da baƙinmu da suka sha hanya daga Dapaong, ina gaishe ku. Na gode da kuka bar sana'o'inku kuka zo sauraron macen da karatunta bai wuce na allo ba.

Ni ce Barakatu, matar marigayi Salifu mahauci, uwar marigayi Wahabu. Magana uku na zo da ita.

Ta farko a kan yarona ce. Kun san kowane mahauci yana da takensa da mai kalangu ke kaɗa masa. Da Salifu ya rasu, mai kalangu ya daina tsayawa a ƙofarmu, don babu mai amsawa, ni ma na fid da ran sake jin taken. Wata rana ina tuƙa tuwo sai na ji shi a zaure, na fito da muciya a hannu. Ashe Wahabu ne da begilar da ya koya a lakwal. Ya ce, "Inna, na yi daidai?" Na ce, "Ka yi sauri. Babanka ba ya gaggawa ko a kan nama." Ya yi dariya ya sake busawa.

Malamansa sun shirya zai bi mota zuwa Blitta, ya hau jirgin ƙasa zuwa Lome ya ci gaba da karatun kiɗa. Kafin tafiyar ya raka abokin karatunsa Issifou hutu Dapaong, can sanƙarau ya same shi, can aka binne shi. Issifou ne ya dawo mini da begilar a naɗe cikin rigarsa.

Ta biyu, abin da muka yanke. Hayar rumfar Salifu ta kasuwa, da gudummawar da mahauta suka yi alkawari, za su zama bursi, wato tallafin karatu, da sunan Wahabu, don ɗalibin da ya gama lakwal yana son ya zurfafa a kiɗa. Sharaɗina ɗaya ne: idan ya zo hutu, ya zauna gaban masu kalangunmu ya koyi taken mutanen gari, na rayayyu da na matattu. Malamai sun zaɓi Issifou, ni ma shi zuciyata ta zaɓa.

Ta uku, gare ka ce, Malam Alassani, mahaifin Issifou. Ka zo, amma har yanzu ba ka ce ka yarda ba, kuma ban ga laifinka ba. Na san abin da kake tsoro: a ce ɗan fatake, jikan malamai, ya koma maroƙi. An faɗa mini irin wannan a kan Wahabu a gidan suna, an faɗa mini a bakin rijiya. Malam, yarona bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Abin da na sani, ya dawo mini da mijina tsakar gida na ɗan lokaci, kuma babu wanda ya iya yi mini haka cikin duk masu ta'aziyya. Kai naka yana da rai, yana zaune bayanka, kansa a sunkuye. Idan ka ce a'a, ɗanka ne, ba zan riƙe ka a zuci ba. Amma ga begilar na ajiye a kan teburin shugaba. Ta daɗe a ƙarƙashin gadona, ina goge ta, ba ta cewa komai. Ba zan koma da ita gida ba.

Allah Ya jiƙan Salifu da Wahabu da dukkan magabatanmu. Allah Ya raya muku 'ya'yanku, su binne ku, kada ku binne su. Allah Ya mai da baƙinmu gida lafiya.

Na gode.